Yadda Rikici Ya Tashi Tsakanin Luther da Roma



Ɗan'uwa, in ka bi bakin teku har Osu, za ka ga babban gidan nan na Christiansborg. Mutanen Danmak suka gina shi, su kuwa ekklesiyar Luther su ke bi tun 1536. Fada-fadan Katolika ba su kafa aikinsu a Ankara ba sai 1893. Ko ka san abin da ya raba su?

Martin Luther shi ma fada ne, malamin Littafi Mai Tsarki a Wittenberg ta ƙasar Jamus. A zamaninsa wani mai wa'azi, Tetzel, ya yi ta yawo yana sayar da takardun sassauta horon zunubi, ana kai rabon kuɗin Roma domin ginin majami'ar Bitrus. Talaka ya ba da ɗan abin da ya ke da shi, ya koma gida yana tsammani ya sayi gafara. Abin ya ƙona ran Luther ƙwarai, gama ya karanta wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, ya gane gafara kyautar Allah ce ta wurin bangaskiya. Ran 31 ga Oktoba 1517 ya fito da maganganu 95. Da fari gyara ya ke nema, ba rabuwa ba.

A 1521 Paparoma Leo na 10 ya fitar da shi daga ekklesiya. Aka kira shi garin Worms gaban Sarki Charles na 5, aka ce ya janye, ya ƙi. Shi ma dai bakinsa da zafi, zagin da ya yi wa Paparoma ba ya faɗuwa a nan.

Daga nan sarakuna suka sa hannu, wasu don addini, wasu don kwaɗayin gonakin ekklesiya. Luther ya rasu a 1546, a shekaran nan kuwa yaƙi ya tashi. Sai 1555 aka yi sulhu a Augsburg, aka ce addinin da sarki ya zaɓa shi ne na talakawansa, wanda bai yarda ba ya kwashe kayansa ya tashi. Ka duba gidan hayar da ka ke ciki. Da wannan doka ta zo Zongo, ɗaki nawa za a rufe?

Roma ta hana sayar da takardun a 1567. A 1999, a Augsburg ɗin nan dai, wakilan Katolika da na Luther suka sa hannu a takarda guda, cewa da alherin Allah a ke samun ceto. Cin Jibin Ubangiji tare kam har yanzu da saura.

Allah ya kai mu mako mai zuwa.