Azara Ita Ce Ƙashin Soro



An nemi in yi magana a kan ginin gargajiya. Na ga gara in tsaya a kan gida irin wanda duk muka sani a ƙauyukan Dambatta da Bichi da Minjibir: zaure a bakin hanya, zankwaye a bisa, ga dakali a ƙofa inda dattawa ke hira. Mukan kira shi ginin ƙasa, amma abin da ke riƙe da shi itace ne, wato azara.

Daga gangar giginya ake tsaga azara, wani lokaci goruba, kuma magina sun fi son namijin giginya don ya fi tauri. Gara ba ta cika cin ta ba. Sai dai tana da iyaka. In aka gitta ta a kan faɗin da ya wuce kimanin ƙafa 6, ga nauyin laka a kanta, sai ta lanƙwashe. Shi ya sa ɗakunan kakanninmu suke da ƙunci. Tsawon azara ne ya yanka musu faɗi.

To, yaya ake samun babban zaure? Nan gwanintar take. Ko dai magini ya gitta azara a kusurwoyi ya rage faɗin, ko ya kafa ginshiƙi a tsakiya, ko kuma ya ɗaure bakan gizo. Yakan dasa azara a cikin bango ta ɗan karkato ciki, ya ɗaura wata a kanta da igiya ta ƙara leƙowa, haka nan daga ɓangarorin biyu har su haɗu a tsakiya, sa'an nan a yaɓe su da laka. Idan bakan gizo biyu suka ratsa juna, shi ne ɗaurin guga. Da wannan dabara Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, kuma ita ce dai maginin ƙauye yake yi wa zauren dagaci, sai dai ƙarami. Lissafi ne sosai, ko da yake malamanmu na lissafi, Allah ya saka musu, ba su taɓa kawo mana shi a jarrabawa ba.

A kan azara ake shimfiɗa zana ko kara, a ɗora laka, a shafe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Masu hali kuwa laso suke yi, haɗin katsi na marina da gashin jima da dafara. Daga nan sai indararo. Soro daga sama yake mutuwa: in indararo ya toshe, ruwa ya kwanta, kan azarar da ke cikin bango ya ruɓe, shi ke nan. Don haka ne a da kowane magidanci yake hawa rufi ya duba kafin damina ta faɗi.

Yau yawancinmu muna birni, babu mai hawa. In muka samu kuɗi sai mu rushe mu buga kwano, a watan bazara kuma mu fito waje mu kwana saboda zafi. Giginyar ma ta yi ƙaranci. Shekaru masu yawa take ɗauka kafin ta isa sara, ga shi kowane muruci da muka ci giginya ce da ba ta tashi ba.

Ba na ce kada a gyara gidan gado ba. Roƙona shi ne, in za a gyara, a bar zauren, a nemo tsohon magini ya duba shi, a kuma haɗa shi da yaro mai koyo. Azarar da aka cire kada a sa ta a murhu, mai kyau tana sake aiki. Wanda yake Kano kuwa ya shiga Gidan Makama, kusa da gidan Sarki, ya ɗaga kai ya ƙirga bakan gizo.