Ɗan Jirgin Yaƙin da Ya Bi ta Kano: Yadda Ake Haɗa Shi, a Yi Masa Fenti, a Tsufar da Shi

Jawabin da ɗaya daga cikin dattawan ƙungiya ya yi a taron shekara-shekara



Da Sakatare ya aiko mini cewa ni zan yi jawabi bana, ya zaci zan yi magana a kan gyaran injuna, tun da shi ne aikina har na yi ritaya. To, sai ga shi na zo da wannan ɗan abu da ke kan tebur, wanda tun ɗazu na ga abokan ajinmu suna zunɗen juna a kansa, wai tsoho ya koma wasan yara. Ku yi haƙuri ku saurare ni tukuna.

Sunan wannan jirgi Hurricane. Kamfanin Hawker na Ingila ne ya ƙera shi, injiniyan da ya tsara shi kuwa shi ne Sydney Camm. Ya fara tashi a watan Nuwamba na 1935, ya shiga aikin soja a ƙarshen 1937, kuma an ƙera fiye da guda 14,000 kafin a daina. Injinsa Merlin ne na kamfanin Rolls-Royce, samfurin farko kuma bindigogi takwas gare shi a cikin fikafikai. A 1940, da Jamus ta yi ta kai wa Ingila hari ta sama, sunan Spitfire ne ya fi fita, amma Hurricane ya fi yawa, kuma shi ya fi kakkaɓo jiragen abokan gaba.

Me ya haɗa mu da shi? A watan Yuni na 1940 Italiya ta shiga Yaƙin Hitila, sai hanyar Bahar Rum ta zama mai haɗari ga Ingilishi, alhali suna bukatar jiragen sama a Masar. Dabarar da suka yi ita ce, su zuba jiragen a manyan akwatuna, jirgin ruwa ya kawo su Takoradi ta Gwalkwas, watau Gana ta yau, a haɗa su a can, sa'an nan su taso su yada zango a Ikko, da Kano, da Maiduguri, su ratsa ta Fort Lamy, wadda yanzu ake kira Njamena, su shiga Sudan ta Jinaina har Hartum, daga nan su bi Kogin Nilu zuwa Masar. Tafiya ce ta fiye da mil 3,500, wajen kwana shida. Abin da ya sa hanyar ta buɗe kuwa shi ne gwamnan Cadi, Félix Éboué, ya bi bayan Janar de Gaulle a watan Agusta na wannan shekara. Ayarin farko ya tashi a Satumba, kuma kafin ƙarshen 1943 jirage iri-iri fiye da 5,000 sun bi wannan hanya. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana cikin leburorin da suka yi ta gangara durom-durom na mai a filin jirgin Kano a lokacin, kuma daga bakinsa na fara jin labarin.

Yanzu ga yadda ake haɗa shi. Ana sayen kwalin ne da gutsattsarin roba a ciki, haɗe a jikin wani firam, tare da takardar bayani da tambura. Wannan na kamfanin Airfix ne, ma'auninsa 1 cikin 48, ma'ana kowane inci ɗaya a jikinsa inci 48 ne a jirgin gaske. Faɗin fikafikan Hurricane ƙafa 40 ne, watau inci 480. In ka raba da 48 ka sami inci 10 cif. Wanda bai yarda ba, ga rula. Akwai kuma ma'aunin 1 cikin 72, wanda ya fi ƙanƙanta da araha, shi ya fi dacewa da mai koyo.

Abu na farko, karanta takardar bayani tun daga farko har ƙarshe kafin ka taɓa kome. Ka wanke robar da ruwan sabulu domin maiƙon masana'anta yana hana fenti kamawa. Kada ka ɓalle gutsure da hannu. Yanke shi da reza, ka goge bakin da sanfefa mai laushi, ka gwada haɗa ɓangarorin biyu ba gam, sai ka ga sun zauna sa'an nan ka sa. Gam ɗin nan ba manne roba yake yi kawai ba, narkar da ita yake yi ta haɗe, saboda haka ɗan kaɗan ya isa. Na koyi wannan da hawaye muna aji biyu, lokacin da wani malaminmu Bature ya ba ni kwalina na farko: na malala gam a kan gilashin matuƙi, ya yi fari fat kamar idon makaho, ba gyara. Har ila yau, sai ka fara fentin ɗakin matuƙi, da kujera da agogunan gaba, kafin ka rufe gangar jikin, don in ka rufe ba ka da hanyar shiga. Inda haɗin ya bar tsaga, ka cike, ka bari ya bushe, ka goge har sai farce bai ji gaɓa ba.

Sai fenti. Jiragen da suka yi yaƙi a hamadar Masar da Libiya an yi wa bayansu launi biyu, ruwan ƙasa mai duhu da ruwan yashi, cikinsu kuma shuɗi irin na sararin sama. A ƙarƙashin hancinsu akwai wani ƙullutu kamar maƙoƙo: matatar iska ce ta kamfanin Vokes, wadda ke hana yashi shiga inji ya cinye shi. In ka manta da ita, jirginka na Ingila ne, ba na hamada ba. Ka tsinka fentin sosai, ka shafa sau uku siriri-siriri, ya fi sau ɗaya mai kauri, wanda zai binne duk zanen jikin jirgin. Fara da launi mai haske, ka rufe shi da salatif na takarda, ka bi da mai duhu. Shawarata kuma, kada ka yi fenti da hunturu taga a buɗe, ƙurar za ta zauna a kai ya zama kamar bangon laka. Ka kife kwano a kansa har ya bushe. Kada kuma ka bar shi a mota da rana. Na taɓa yi, na dawo na tarar fiffike ɗaya ya lanƙwashe kamar ƙosasshen ganye.

Tambura kuwa a ruwa ake tsoma su, su saki takardarsu, a zame su a kan jirgin. Suna son wuri mai santsi, don haka a shafa fenti marar launi mai sheƙi tukuna, in ba haka ba iska ta maƙale a ƙarƙashinsu su yi fari-fari. Bayan sun bushe a bi da wanda ba ya sheƙi.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda mutane ba su ganewa. Sukan ce, Alhaji, ka gama abu tsaf, me ya sa kake ɓata shi? Amsar ita ce, jirgin da ya kwana a Kano ya ratsa Darfur ba ya kama da wanda ya fito masana'anta jiya. Amma tsufar da shi ba shafa dauɗa ba ne. Kowane tabo sai ka san dalilinsa. Hayaƙin salansa yana bin iska ne ya kwanta a gefen jiki, baƙi-baƙi da toka-toka, sai ka kankare alli mai launi ko gawayi ka ja shi baya da busasshen buroshi. Inda matuƙi da makanikai ke takawa a gindin fiffike, fenti yana goguwa ƙarfe ya bayyana, sai ka ɗiɗɗiga da fensir mai ruwan azurfa. Rana tana koɗar da baya, ba ta taɓa ciki. Ƙura tana taruwa a tayoyi. Ni da jar ƙasar ƙofar gidana na yi tawa, bayan na tankaɗe ta. Ga kuma inda ake gane wanda ya yi karatu: bayan gangar jikin Hurricane ba ƙarfe ba ne, yadi ne aka ja a kan firam na bututun ƙarfe da katako. Yadi kuwa koɗewa yake yi, ba ya ɓarewa kamar kwanon hanci. Wanda ya ɗiɗɗiga azurfa a nan, ya nuna bai san jirginsa ba. In kuma kana shakkar ko ya isa, to ya isa, ajiye buroshi.

'Yan'uwa, ga abin da ya kawo ni. Ɗazu na zagaya na leƙa ɗakin koyon sana'a inda muka koyi riƙe zarto da guduma, na tarar an mai da shi sito. Na yi shekaru ina ɗaukar matasa aiki, na ga masu takardu masu kyau waɗanda ba su iya karanta zanen inji ba, ba su iya auna abu sau biyu kafin su yanka ba. Ba laifinsu ba ne, ba a sa musu kome a hannu ba. Wannan ɗan jirgi shi ya fara koya mini lissafin ma'auni, da bin bayani daki-daki, da haƙurin jiran abu ya bushe, kuma da su na ci abinci duk rayuwata.

Don haka ina roƙon ƙungiya ta sa gyaran ɗakin nan cikin ayyukanta na bana, a kafa kulob na aikin hannu, maza da mata. Ba dole sai an sayo kwali daga waje ba. Dukanmu mun ƙera motar kara muna yara, kuma da kwali da katako mai laushi ana fitar da jirgi in akwai zane da rula. Ni na ɗauki alkawarin kwalaye goma da kayan aiki, zan kuma riƙa zuwa Asabar ɗaya kowane wata muddin ƙafa tana ɗauka. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, saboda haka Ma'aji ya zagaya da takarda kafin a kawo abinci.

Wannan jirgi kuwa na bar wa makaranta. Yara, ku zo ku duba, amma a riƙe shi ta gangar jiki, ban da farfela.

Allah ya jiƙan malamanmu da abokanmu da suka riga mu, ya sa mu ga taron baɗi lafiya.