José Martí: Wace Sadaukarwa Ya Kamata Mu Auna?



Duk inda aka ambaci José Martí, sha'irin Kyuba, abin da ake fara tunawa shi ne ranar 19 ga Mayun 1895, lokacin da ya sukwano doki a Dos Ríos sojojin Sifaniya suka harbe shi yana da shekara 42. Ni kuwa a ganina wannan rana asara ce ga Kyuba, kuma babbar sadaukarwarsa ta riga ta da shekaru masu yawa.

An haife shi a Havana a 1853, iyayensa duka mutanen Sifaniya, wato jinin masu yi wa Kyuba mulkin mallaka ne a jikinsa. Yana ɗan shekara 16 aka kama shi bisa zargin cin amanar ƙasa, aka yanke masa shekara shida ta aikin wahala, ya fasa dutse da mari a ƙafa, tabon bai rabu da shi ba har ya mutu. A 1871 aka kore shi zuwa Sifaniya. Wannan duk zalunci ne da aka yi masa. Abin da ya zaɓa da kansa shi ne zaman kusan shekara goma sha biyar a New York, inda ya bar jin daɗin zama shahararren marubuci ya shiga aikin da sha'irai kan guje wa: tara kuɗi, sulhu tsakanin janarori masu girman kai, da zirga-zirga zuwa Tampa da Key West don roƙon masu naɗa taba su yanki wani abu daga ladansu. Yaƙin neman 'yancin Kyuba na 1868 zuwa 1878 ya rushe ne a kan rarrabuwar kai, Martí kuma ya san haka. Shi ya sa a 1884 ya raba gari da Janar Máximo Gómez da Antonio Maceo, don ya ƙi yarda soja su mallaki gwagwarmayar. A 1892 ya kafa jaridar Patria da Jam'iyyar Juyin Juya Halin Kyuba, wadda ta haɗa baƙaƙe da farare a ƙasar da ba a soke bauta ba sai 1886.

Za a ce ai jininsa ne ya mayar da shi gwarzo, kuma wanda ya tura mutane yaƙi bai kamata ya ɓuya a baya ba. Maganar tana da nauyi, domin an sha yi masa gorin cewa jarumtarsa a baki take. To amma Gómez da kansa ya umarce shi ya tsaya a baya a ranar, saboda ya san Martí ba soja ba ne, kuma mayaƙa ba su yi wa Kyuba ƙaranci ba. Abin da ta rasa shi ne mutumin da, kwana ɗaya kafin mutuwarsa, ya rubuta wa abokinsa Manuel Mercado wasiƙar da bai ƙarasa ba, yana cewa burinsa a hana Amurka mamaye yankin da Kyuba take. Ko da yana raye wataƙila da bai iya tare Amurka ba, sai dai da an samu mai ja da ita. A 1898 Amurka ta shiga yaƙin Kyuba da Sifaniya, magajin Martí Tomás Estrada Palma ya rusa jam'iyyar, a 1901 aka tilasta wa Kyuba amincewa da Gyaran Platt da ya ba Amurka ikon tsoma baki cikin al'amuranta. Sansanin Guantánamo da ke Kyuba yana hannun Amurka har yau.