Tsakar Rairayi: Laifin Da Ba Nata Ba

Yau hirar tamu a kan wata 'yar halitta ce, tsakar rairayi.

Kwanakin baya na je Boyekai, can ƙasar Goronyo. Da magariba wata baiwar Allah ta ɗaga damin kara, sai ga 'yar tsaka ta fito a guje. Nan take ta ce mini, "Hajiya, irin wagga ce ta hau ɗiyata, ga tabo nan ya fito mata a baya, ina tsoron kuturta." Wata biyar ke nan tana shafe-shafe a gida, ba ta je asibiti ba.

To, bari mu san wannan tsaka. Ba irin ta ɗaki ba ce mai hawa bango, yatsunta ba sa mannewa, a ƙasa take rayuwarta. Ana samunta a Sahara har zuwa Nijar da arewacin ƙasar nan. Tsawonta har wutsiya bai cika wuce santimita 10 ba, launinta kamar yashi. Da rana takan ɓuya a rami ko ƙarƙashin dutse, da dare ta fito farautar gara da ƙananan ƙwari. Idanunta dara-dara ne, ba ta ƙiftawa, da harshe take goge su. Macen kan yi ƙwai ɗaya ko biyu ta binne a rairayi. In maciji ko tsuntsu ya cafke ta, sai ta bar masa wutsiya ta tsere, daga baya wata ta tsiro.

'Yan uwa, ba ta da dafi, kuma ba ta sa kuturta. Ƙwayar cuta ce ke kawo kuturta, likita Hansen na ƙasar Norwe ya gano ta a 1873. Tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da maganin kyauta, kuma ana warkewa.

Don haka in kin ga tabo mai haske a jikin yaro, ba ƙaiƙayi, in an taɓa wurin ba ya ji, kar ki tsaya zargin tsaka. Ki kai shi asibiti tun ciwon bai taɓa yatsu ba. A jiharmu ga asibitin Amanawa, an san shi da wannan aiki. Abinci da ruwan sha kuwa a riƙa rufewa, don kashin tsaka na iya sa gudawa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.