Hulɗar Sin da Afirka: Me Muka Kai Kasuwa, Me Muka Dawo da Shi?

(Jawabin da aka gabatar a babban taron ƙungiya na shekara-shekara)

 



Da kwamitin shirye-shirye ya aiko mini da takarda cewa in yi magana a kan hulɗar da ke ƙara ƙarfi tsakanin mutanen Sin da mutanen Afirka, sai na ce a raina, me ya haɗa tsohon hedimasta da birnin Sin? Amma da na fito zaure na dubi abin da ke kewaye da ni, sai na tarar ashe Sin ta riga ni zuwa gida. Wayar da ke aljihuna, da babur ɗin da ya kawo takardar, da fitilar sola da ke ƙofar masallacinmu, har atamfar da aka ɗinka wa jikata da sallah, duk daga can suka fito. Mutumin da kayansa suka cika maka ɗaki kuwa, wajibi ne ka san ko wane ne shi, ka kuma san abin da yake ɗauka daga gidanka idan zai koma.

Bari mu fara da ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Wannan zumunci ba jiya aka ƙulla shi ba. A shekarar 1955 ƙasashen Asiya da Afirka suka haɗu a Bandung ta ƙasar Indonesiya, lokacin da yawancinmu ke hannun Turawan mulkin mallaka. A 1956 Masar ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta ƙulla hulɗar jakadanci da Jamhuriyar Jama'ar Sin. Daga ƙarshen 1963 zuwa farkon 1964 Firayim Minista Zhou Enlai ya zagaya ƙasashen Afirka 10, kuma a 1963 ɗin nan ne gidan rediyon Sin ya buɗe sashen Hausa, wanda dattawa da yawa a cikinmu sun saurare shi a akwatin rediyo. Ita kuwa Nijeriya, ranar 10 ga Fabrairu 1971 ta ƙulla tata hulɗar.

Babbar shaidar wancan zamani ita ce hanyar jirgin ƙasa ta TAZARA. Zambiya ba ta da gaɓar teku, kuma hanyar da take fitar da tagullarta ta bi ne ta Rodeshiya, inda tsirarun Turawa ke mulki. Shugaba Kaunda da Shugaba Nyerere na Tanzaniya suka nemi taimakon ƙasashen Yamma domin shimfiɗa wata hanya, ba su samu ba. Sin, wadda ita kanta a lokacin talauci ya yi mata katutu, ta ba da rance marar ruwa, ta turo ma'aikatanta, aka shimfiɗa dogo mai tsawon kilomita 1,860 daga Darussalam zuwa Kapiri Mposhi tsakanin 1970 da 1975. Afirka ma ta rama alheri. A watan Oktoba na 1971, da aka kaɗa ƙuri'ar ba gwamnatin Beijin kujerar Sin a Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙasashen Afirka 26 ne suka goya mata baya.

To, jama'a, wancan zumunci ne na siyasa, na waɗanda suka sha wuya iri ɗaya. Amma daga 1978, da Deng Xiaoping ya buɗe ƙofofin kasuwancin ƙasarsa, kiɗa ya sauya. A shekarar 2000 aka kafa dandalin haɗin gwiwar Sin da Afirka, wato FOCAC, a birnin Beijin, kuma a lokacin cinikin da ke tsakanin ɓangarorin biyu kimanin dala biliyan 10 ne a shekara. Zuwa 2009 Sin ta zama babbar abokiyar cinikin Afirka, ta wuce Amurka. A 2024 cinikin ya kai kimanin dala biliyan 295. Idanunmu sun ga abin da ya biyo baya: ginin hedikwatar Tarayyar Afirka a Addis Ababa a 2012, matatar mai ta Damagaram a 2011, jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna a 2016, na Mombasa zuwa Nairobi a 2017, na Ikko zuwa Ibadan a 2021, da tashar jiragen ruwa ta Lekki a 2023. Da yawa daga cikinku kun hau jirgin Kaduna. Wanda ya ce wannan hulɗa ba ta amfane mu da komai ba, bai yi adalci ba. Talakan da a da ba ya mafarkin riƙe wayar hannu, ga shi yana riƙe da Itel ko Tecno, yana jin farashin hatsi na Dawanau daga gonarsa.

Sai dai ɗan kasuwa na ƙwarai ba ya ƙirga abin da ya shiga shago kaɗai, sai ya buɗe littafi ya ga abin da ya fita. A cikin cinikin 2024 da na ambata, kayan da Sin ta sayar wa Afirka sun kai kusan dala biliyan 179, waɗanda ta saya kuwa kimanin dala biliyan 117. Abin da ya fi wannan giɓi damuna shi ne irin kayan. Abin da ke fita daga wurinmu ɗanye ne: man fetur daga Angola, tagulla da kobal daga Kwango da Zambiya, riɗi da katako da fatu daga ƙasashe irin namu. Abin da ke dawowa kuwa sarrafaffe ne: injuna, wayoyi, babura, yadi, takalma. Mu da muka koyar da tarihi a aji mun san wannan labari. Da dogon Ingilishi ya iso Kano, aka buɗe shi a 1912, ba a daɗe ba gyaɗa da auduga da ƙiraga suka kama hanyar teku, akoko da sabulu suka kama hanyar Kano. Mun yi alfahari da dalar gyaɗa, amma ribar sarrafa ta a Ingila ta tsaya. Bambancin kawai shi ne, Bature ya zo da bindiga ya yi mana dole. Mutumin Sin takarda ya zo da ita, kuma shugabanninmu ne ke sa hannu da yardarsu. Saboda haka idan cinikin bai yi mana kyau ba, kada mu nemi mai laifi a nesa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Zan kawo misalai 3 da suka taɓa mu kai tsaye. Na farko masaƙa. Kaɗan ne suka san cewa wani ɗan kasuwa Basine daga Hong Kong, Cha Chi Ming, shi ya kafa masaƙar UNTL a Kaduna a 1964, wadda ta ɗauki dubban 'ya'yanmu aiki, har da wasu daga cikin ɗaliban da na koyar. A 2007 ta rufe ƙofa, kamar yadda masaƙun Kaduna da Kano da dama suka rufe. Rashin wutar lantarki da fasa-ƙwauri da sauye-sauyen manufofin gwamnati suka durƙusar da su, yadi mai araha daga Sin ya cika Kantin Kwari, manomin auduga ya rasa mai saye, marina suka yi sanyi. Ku dubi iri biyun nan na hulɗa da mutane ɗaya. Ta farko ta kawo inji ta koya wa yaronmu saƙa. Ta biyu ta kawo dila ta mai da shi ɗan dako.

Na biyu jaki. A ƙasar Sin ana dafa fatar jaki a fitar da wani abu mai danƙo da suke kira ejiao, wanda ake sha a matsayin maganin gargajiya. Da nasu jakunan suka ragu, sai masu saye suka juyo Afirka. Farashi ya tashi, mai jaki ya ga kuɗi ya sayar, daga baya ya rasa abin kai taki gona da abin ɗebo ruwa. Jamhuriyar Nijar ta hana fitar da jakuna tun 2016, kuma a Fabrairun 2024 shugabannin Tarayyar Afirka suka amince da hana yanka jaki domin fatarsa a faɗin nahiyar. Ku da kuka tashi a garin nan kun san yadda turakun jakuna ke cika ranar kasuwa a da. Ku leƙa gobe ku gani da idonku.

Na uku itacen madobiya, wanda ake yin kujerun alfarma da shi a Sin. An yi ta sarar sa a dazuzzukan Taraba da maƙwabtanta ana loda wa manyan motoci, har sai da hukumar duniya mai kula da cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, wato CITES, ta dakatar da fitar da shi daga Nijeriya a 2018. Wa ya riƙe gatarin? Wa ya nuna hanyar daji? Namu ne.

Akwai kuma maganar bashi. Rancen dala miliyan 500 daga bankin Exim na Sin ya shiga aikin dogon Abuja zuwa Kaduna, kuma a cikin ƙasashen da Nijeriya ta ci bashinsu kai tsaye, Sin ce kan gaba, ko da yake abin da Bankin Duniya da masu takardun lamuni ke bin mu ya fi nata. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin kunya ba ne idan aikin da aka yi da shi zai biya kansa. Amma Zambiya ta kasa biyan basussukanta a 2020, Gana ma haka a 2022. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Yanzu ga tambayar da nake so kowa ya tafi da ita gida: su mutanen Sin, yaya suka yi da nasu baƙin? A 1980 suka ware Shenzhen, wadda a lokacin ƙaramin gari ce kusa da Hong Kong, suka gayyaci kamfanonin waje. A manyan sana'o'i da dama, kamar ƙera motoci, suka gindaya sharaɗin cewa baƙo sai ya yi tarayya da kamfanin gida. Suka tura 'ya'yansu karatu Amurka da Turai da Japan. Da suka so jirgin ƙasa mai gudun tsiya, suka sayi fasahar daga Japan da Jamus da Faransa, suka zauna suka koye ta, suka buɗe layin Beijin zuwa Tianjin a 2008, har suka shimfiɗa irin wannan dogo sama da kilomita 40,000, fiye da na sauran duniya gaba ɗaya. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 800 suka fita daga matsanancin talauci a ƙasar cikin shekara 40. Duk baƙon da ya shiga gidansu, ba su bar shi ya fita ba sai da suka karɓi sana'arsa. Mun taso muna jin malamanmu na kwaɗaitar da mu neman ilimi ko da za a kai birnin Sin. Mun kai birnin, amma yawancinmu kwantena muke dawowa da ita.

Ba mu ne ke zama a teburin FOCAC ba, amma akwai abin da ke hannun ƙungiya irin tamu. Ina ba da shawarwari 4.

Na ɗaya, a ware kaso daga asusun tallafin karatu domin koyon sana'ar hannu: haɗa sola, gyaran waya, walda, kanikanci, da gyaran injin ban ruwa. Kayan nan sun riga sun shigo, wanda ya iya gyara su yau shi zai iya haɗa su gobe. A kuma zaɓi yara masu ƙoƙari su koyi harshen Sinanci, domin akwai cibiyoyin Confucius a Jami'ar Legas da Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka. Su suna koyar da Hausa a jami'ar koyon harsunan waje ta Beijin. Wanda ke ciniki ta bakin tafinta, rabin cinikin ba nasa ba ne.

Na biyu, 'yan'uwanmu 'yan kasuwa masu zuwa Guangzhou, ku ji tsoron Allah wajen ba da oda. Masana'antar da ke ƙera mai kyau ita ke ƙera na banza, kowa abin da ya biya ake yi masa. Sannan idan mutum ya yi sawu goma yana kawo kaya, ya yi na sha ɗaya ya kawo inji, ya kafa shi a nan gida.

Na uku, manomanmu su haɗa kai. A 2025 Sin ta ba da sanarwar cire harajin shigo da kaya ga ƙasashen Afirka 53 da ke hulɗa da ita. Ƙofa ce ta buɗe, amma mai kaya ne ke shiga. Riɗin da muke sayar wa dillalai da ƙasa da tsakuwa a bakin gona, idan ƙungiya ta sayi injin tankaɗe da na matse mai, kuɗin da ke tsayawa a hannun wasu zai tsaya a garin nan, matasanmu su sami abin yi.

Na huɗu, ranka ya daɗe Hakimi, muna roƙo da girmamawa: duk wanda ya zo neman fili ko daji ko ma'adini, baƙo ne ko ɗan gida, kada a sa hannu a kan komai sai an ga lasisinsa, an rubuta yarjejeniya, lauyoyinmu da ke birni sun karanta ta. A rubuta yawan 'ya'yanmu da za a ɗauka aiki, da wanda zai cike rami idan an gama haƙa, da wanda zai biya idan ruwan sha ya gurɓata. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Jama'a, mutanen Sin ba maƙiyanmu ba ne, sun tsaya tare da Afirka a ranar da wasu suka juya mata baya, kuma ba ma mantawa. Amma yau kasuwa ce ta haɗa mu, kuma sun san abin da suka zo nema. Ya rage namu mu san namu. Na yi shekaru ina gaya wa yara a aji cewa guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Fatana shi ne, idan Allah ya kai mu taron baɗi, a tashi a gaya mana yara nawa ƙungiya ta sa koyon sana'a, da inda aka kwana a maganar injin riɗi.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, ina neman afuwa. Allah ya ja zamanin Hakimi, ya ɗaukaka wannan ƙungiya, ya jiƙan magabatanmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.