Littattafan Maƙwabtanmu Kirista: Me Ke Cikinsu?

Mai tankaɗe ta ci gaba da tankaɗenta, mai kitso ta ci gaba da kitsonta, aron kunne kawai muke nema.

Yau za mu yi magana ne a kan littattafan da maƙwabtanmu Kirista suke karantawa. Na san wata za ta ce, "Ni da ko zaure ba na leƙawa sai da dalili, ina ruwana da littafin wasu?" To, 'yar'uwa, da ruwanki. Ɗanki yana zama benci ɗaya da ɗansu a makaranta. Nas ɗin da ke duba ki ranar awo wataƙila Kirista ce, haka mai kawo miki doya da manja har tsakar gida. Wata rana yaro zai dawo ya ce, "Umma, mene ne a cikin littafin su wane?" Abin da kika faɗa masa a ranar shi zai riƙe har girmansa, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan hira ba wa'azi ba ce, kuma hukuncin addini na malamai ne. Mu dai sanin maƙwabci muke nema, domin rashin sani ya fi dare duhu.

Babban littafinsu shi ne Baibul, wanda da Hausa suke kira Littafi Mai Tsarki. A ido littafi ɗaya ne, amma tarin littattafai ne aka haɗa a bango guda. Kashi na farko shi ne Tsohon Alkawari, mai littattafai 39, na biyu Sabon Alkawari, mai 27, jimla 66 ke nan. 'Yan Katolika suna da ƙarin bakwai, nasu ya zama 73. An rubuta Tsohon Alkawari da Ibrananci, sai ɗan kaɗan da yaren Aramiya, Sabon kuwa da yaren Girka.

Sunayen da ke ciki ba baƙi ba ne a kunnenki. Littattafai biyar na farko su ne suke kira Attaura, a nan ne labarin Adamu da Hauwa'u yake, da Nuhu da jirginsa, da Ibrahim, da Yusufu da 'yan'uwansa, da Musa da Fir'auna. Akwai Zabura mai waƙoƙin yabo da addu'a 150, da yawansu ana jingina su ga Dawuda. Akwai wani littafi da sunansa ma Karin Magana. Guda biyu kuma sunan mata suke ɗauke da shi, Rut da Esta. Labarin Rut zai taɓa zuciyar kowace mace: mijinta ya rasu, surukarta Na'omi, wadda ita ma ta rasa miji da 'ya'ya biyu, ta ce ta koma gidan iyayenta, amma Rut ta ƙi barin tsohuwar ita kaɗai. Ta bi ta har garinsu, tana kalar hatsi a gonakin mutane tana ciyar da ita. A Sabon Alkawari kuma akwai Linjila huɗu, ta Matiyu da Markus da Luka da Yahaya, sai Ayyukan Manzanni, sai wasiƙu waɗanda mafi yawansu na Bulus ne.

To a ina aka haɗu, a ina aka rabu? Musulmi da Kirista duk sun yarda Maryamu ta haifi ɗanta ba tare da namiji ya kusance ta ba. Amma Kirista sun gaskata cewa Yesu Ɗan Allah ne, an gicciye shi, ya tashi a rana ta uku. Musulmi kuwa sun yi imani cewa Annabi Isa, alaihissalam, bawan Allah ne kuma ManzonSa, ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba, Allah ne Ya ɗauke shi. Wannan bambanci babba ne, kuma ba a ɓoye wa yaro shi. Sai dai ana iya faɗa masa da tsabtataccen harshe, ba zagi ba gori.

Yanzu bari in ba ku labarin yadda littafin nan ya zo ga Hausa, don akwai hannun wani yaro Bahaushe a ciki. Sunansa Dorugu, daga ƙasar Damagaram a Jamhuriyar Nijar ta yau. Tun yana ƙarami aka kama shi bauta, daga baya aka 'yanta shi, ya shiga hidimar Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim. A 1855 ya bi shi har Ingila. A can ya zauna wurin wani ɗan mishan, shi ma Bajamushe, mai suna James Schön, wanda ya daɗe yana nazarin Hausa ba tare da ya taɓa zama a ƙasar Hausa ba. Daga bakin yaron nan Schön ya gyara Hausarsa. Ya fitar da fassarar Linjilar Matiyu a 1857, sannan a 1885 ya buga littafin Magana Hausa, wanda ke ɗauke da tarihin rayuwar Dorugu kamar yadda ya faɗa da bakinsa. Kun ga ke nan, tushen rubutun bokon da 'ya'yanmu suke koyo a yau yana da alaƙa da wannan aiki.

Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa bai fito ba sai 1932, kuma jagoran aikin shi ne Likita Mila. Ya zo Kano a 1900 cikin wata tawagar 'yan mishan, Sarki Alu bai ba su izinin zama ba, suka juya. Daga baya Mila ya zauna cikin birnin Zariya, har mishan ɗin ya koma Wusasa wajen 1929. Makarantar wannan mishan ce ta yaye Dokta Barau Dikko, likitan zamani na farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, shi ma mutumin Wusasa ne. A ƙarshen shekarun 1970 aka sake sabuwar fassara da Hausa mai sauƙi. Ita Hausar nan ce take haɗa ƙabilu masu yawa na Filato da kudancin Kaduna da Adamawa a majami'a, kowa da yarensa a gida amma da Hausa ake karatu da addu'a. Da sunan Allah suke kiran Ubangiji, kamar yadda Kiristocin Larabawa suke yi. Suna da Littafin Waƙoƙi, kuma matan nan masu anko da kike jin amonsu ran biki ko ran rasuwa, 'yan Zumuntar Mata ne, ƙungiyar da ke ziyarar marar lafiya da mai jego da wadda ta rasa miji.

Sai littattafan tarihin ikilisiya, wato jama'ar Kirista. Mutane da yawa sun ɗauka Turawan mulkin mallaka ne suka fara kawo addinin Afirka. A nan Arewa kam 'yan mishan ne suka kawo shi: a 1893 samari uku na mishan ɗin da ya zama tushen cocin ECWA suka sauka Ikko da niyyar shigowa Arewa, biyu daga cikinsu suka rasu a 1894. Amma a Masar da Habasha addinin ya girmi zuwan Turawa da ɗaruruwan shekaru. Sarki Ezana na Habasha ya karɓe shi tun ƙarni na 4. Shi ya sa lokacin da aka tsananta wa Musulmin farko a Makka, wajen shekarar 615, suka yi hijira zuwa wurin Najjashi, sarki Kirista, ya ba su mafaka ya ƙi miƙa su ga Kuraishawa. Wannan labari ne da ya kamata kowane yaro ya ji daga bakin uwarsa.

Ɗaya daga cikin manyan malamansu ma ɗan Afirka ne, Agustin, wanda aka haifa a 354 a ƙasar da yau take Aljeriya, ya rasu a 430. A littafin da ya rubuta kan rayuwarsa ya faɗi yadda ya yi ƙuruciya ta shashanci, uwarsa Monika tana kuka tana yi masa addu'a shekara da shekaru har ya shiryu a kan tafarkinsu. Wace uwa ce a cikinmu ba ta san wannan kukan ba?

Akwai kuma littattafansu kan zamani. Byang Kato, ɗan Kwoi a kudancin Kaduna, ya yi rubutu a 1975 yana jan kunnen Kiristocin Afirka kada su cakuɗa addininsu da tsafin gargajiya. Matthew Hassan Kukah, tun kafin ya zama bishop, ya buga littafi a 1993 kan addini da siyasa da mulki a Arewacin Nijeriya. A kantunan littattafansu, irin na Jos, za ki tarar da ƙananan littattafai kan zaman aure, tarbiyyar yara, shaye-shayen matasa, fina-finai da wayar hannu. Abin da ke hana ki barci game da ɗanki, shi ke hana maƙwabciyarki.

To me za mu yi da wannan sani? Na farko, ki hori yara kada su yaga ko su taka littafin addinin kowa, kada kuma su yi ba'a da shi. In kin ga shafinsa cikin takardun ƙunshin ƙosai ko gyaɗa, ki ware shi gefe, kamar yadda kike so a mutunta naki. Na biyu, in an ba ɗanki wani littafi a waje, kada ki rufe shi da duka. Ki karɓa, ki nuna wa mahaifinsa ko malaminsa, a yi masa bayani cikin natsuwa, in mayarwa za a yi a mayar cikin mutunci. Yaron da aka daka saboda tambaya, gobe a waje zai nemi amsa. Na uku, in yaro ko 'yar talla ta shigo da labarin wai an wulaƙanta littafi a unguwa kaza, kada ki zama mai ƙara wa wuta itace. Ki tambaya wa ya gani da idonsa, ki tsare samarin gidanki a ciki, a bar hukuma da shugabanni su bincika. Mun ga abin da rikicin Kaduna na 2000 da na Jos na 2001 suka bari: zawarawa da marayu ta kowane ɓangare.

Ku tuna da Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye na Kaduna. A rikicin 1992 suna gaba da juna, Fasto ya rasa hannunsa, Imam ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa. Daga baya suka yafe wa juna, suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinan biyu, har suka rubuta littafi tare a 1999. Babu wanda ya bar addininsa a cikinsu, kowa a littafinsa ya samo hujjar yafiya. Hausawa sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, kuma daga ɗakinki yake farawa, uwargida.

A nan za mu dasa aya. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. A gaida maigida, a shafa kan yara, ku huta lafiya.