Kama Da Wane Ba Wane Ba Ne: Ciwon Jijiya Da Na Zuciya A Jikin Feret

Dabbar da za mu yi magana a kanta yau ita ce feret, wadda mutanen Ingila da Amurka ke ajiyewa a gida kamar kyanwa. Doguwa ce siririya, 'yar'uwar bodari da dage, nauyinta da wuya ya wuce kilo 2. Da can da ita Turawa ke koro zomo daga rami, kuma da ita aka yi gwajin da ya kai ga gano ƙwayar cutar mura mai tsanani ta ɗan Adam a Landan cikin 1933. Mun zaɓe ta ne domin tana koya wa ɗalibin likitancin dabbobi darasi guda mai tsada, watau inda alama ta bayyana ba lalle ne nan cuta take ba.

Alal misali, a ce an kawo mana feret ɗan shekara 5 yana jan ƙafafun baya, yana tangaɗi, wani lokaci har ya faɗi. Duk wanda ya gan shi zai ce ƙwaƙwalwa ce ko laka ta taɓu. Amma sau da yawa ba a nan gizo ke saƙa ba.

Abin da za mu fara zargi shi ne ƙarancin sukari a jini. Feret da ya haura shekara 3 yakan yi ƙari a fankiriyas, wato gaɓar da ke fitar da insulin, sai insulin ya yi yawa ya zaftare sukarin da ƙwaƙwalwa ke rayuwa a kansa. Irin wannan za mu ga yana dalalar miyau, yana dangwalar bakinsa da ƙafa, ya ƙura ido wuri guda, in abin ya tsananta ya yi ta shure-shure kamar mai farfaɗiya. Ɗigon jini kaɗan ya isa awo. In sukari ya gaza miligiram 60 a kowace desilita, to, zarginmu ya yi ƙarfi. Sai dai kada a hana shi abinci fiye da awa 4 kafin awon, domin yunwa kaɗai tana iya kashe shi.

Na biyu kuwa ita ce zuciya. Ta lafiyayyen feret tana bugawa sau 180 zuwa 250 a minti, kuma tana can baya tsakanin haƙarƙari na 6 da na 8. Wanda ya saurara a inda ya saba sauraren ta kare, sai ya yi kuskure. In naman zuciya ya saki ya buɗe, ko ƙofofinta suka fara yoyo, jini ba ya isa ƙafafun baya yadda ya kamata. Ba ya cika tari kamar kare, sai dai haki, da ramewa, da taruwar ruwa a ƙirji ko ciki. Daɗin daɗawa, akwai tsutsar zuciya da sauro ke yaɗawa, wadda ko ɗaya ko biyu sun isa su halaka dabba ƙarama haka. Hoton ƙirji da hoton motsin zuciya su ne ke raba gardama.

Sai mun kawar da waɗannan biyu ne za mu koma ga jijiya kanta, mu nemi karayar gadon baya, ko ƙari a laka, ko haukan kare, ko distamfa, wadda kusan duk feret ɗin da ta kama ba ya tashi, ko da yake tana da allurar rigakafi.

Me ya sa muke nanata wannan tsari? Domin maganin wani dafin wani ne. Ruwan da za mu ƙara wa mai ƙarancin sukari ya farfaɗo, in muka ɗura shi babu lissafi ga mai ciwon zuciya, huhunsa ne zai cika. Saboda haka, 'yan'uwa, ko feret aka kawo mana ko akuya, kafin mu yanke hukunci a kan ƙafa, mu auna jini, mu saurari ƙirji.